Yadda Ake Shirya Ma'aikatan da Ke Nesa da Juna Don Taron Bitar Gyara Hulɗa da Kwastoma

Taron bitar da ake magana a kansa a nan zama ne da ma'aikata daga sassa daban-daban na kamfani suke yi tare, su bi sawun kwastoma tun daga ranar da ya fara jin labarin hajarsu har zuwa lokacin da ya biya kuɗi ya samu biyan buƙata ko ya dawo da ƙorafi, su gano wuraren da yake shan wahala, sannan su zana mafita da hannunsu. Idan dukkansu suna ofis ɗaya, abin da ake buƙata bai wuce ɗaki da bango da alƙaluma da ƙananan takardu masu manne ba. Amma idan ɗaya yana Kano, ɗaya yana Legas, wata tana Zariya, injiniyan manhaja kuma yana Akkara ko Landan, to duk abin da ɗaki yake bayarwa kyauta sai an gina shi da gangan tun kafin ranar taron. Abin da na lura da shi a irin waɗannan taruka shi ne, yawancin waɗanda suka watse ba tare da sakamako ba tun a makonni biyu ko uku na shiri aka yi asararsu, kuma kuskuren kusan iri ɗaya ne: an tsara komai bisa ma'aunin shugaban da ke da kwamfuta mai kyau da intanet mai ƙarfi, an manta da ma'aikaciyar da ke amsa kiran kwastomomi, wadda wayar hannu kawai take da ita, alhali ita ce ta fi kowa sanin matsalar.

Domin bayanin ya zauna a kan abu guda, zan ɗauki misalin ƙaramin kamfani mai manhajar tura kuɗi, wanda babban ƙorafin da yake samu shi ne na mutumin da aka cire masa kuɗi amma ba su isa wurin wanda ya tura wa ba. Duk wanda ya yi ciniki a Najeriya a farkon shekarar 2023, lokacin da aka yi ƙarancin takardun naira bayan Babban Banki ya sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya, ya san irin tashin hankalin da wannan matsala take jawowa a gaban shago.

Mataki na farko: a tsayar da tambaya ɗaya

Makonni uku kafin taron, mai jan ragama ya zauna da shugaban da ya nemi a yi taron, su rubuta tambaya ɗaya tak wadda za a amsa. Cewa "muna so mu inganta hulɗarmu da kwastomomi" buri ne, ba za a iya zana masa komai ba. Tambayar da za ta yi aiki ita ce irin wannan: "Ta yaya za mu sa mutumin da kuɗinsa suka maƙale ya san halin da suke ciki ba tare da ya kira mu sau uku ba?" A cikinta akwai mutum, akwai lokacin da abin yake faruwa, akwai kuma abin da za a iya aunawa daga baya, wato yawan kiran da ake maimaitawa.

Hukumar Design Council ta Birtaniya ta fito da wani tsari a shekarar 2004 wanda ya raba aikin tsara hidima gida huɗu: bincike, fayyace matsala, samar da dabaru, da kuma aiwatarwa. Amfaninsa ga mai shiri shi ne ya tilasta masa ya yanke shawarar wane ɓangare taron zai ɗauka, domin zama biyu ko uku ta intanet ba za su iya ɗaukar duka huɗun ba. Shawarata ita ce a gama bincike kafin taro, a yi fayyace matsala da samar da dabaru a cikin taro, a bar aiwatarwa ga waɗanda za a ɗora wa nauyi bayansa.

A wannan zaman ne kuma za a ambaci sunan mutum ɗaya mai yanke hukunci, wanda idan ra'ayi ya rabu shi ne zai ce ga inda za a bi. Idan bai samu damar halartar zaman ƙarshe ba, gara a ɗage taron gaba ɗaya.

Mataki na biyu: su wa za a gayyata

Mutum shida zuwa takwas sun isa. Da zarar an haura goma a taron bidiyo, rabin mahalarta sukan koma 'yan kallo, su kashe makirfo su ci gaba da wasu harkokinsu. A misalinmu, dole ne a samu mutum biyu daga masu amsa ƙorafi, injiniyan da ya san yadda manhajar take magana da bankuna, mai zana fuskar manhaja, wani daga sashen kuɗi wanda ya san yadda ake mayar da kuɗin da suka maƙale, ma'aikacin da ke zagayawa wurin masu POS a kasuwa, da kuma mai yanke hukunci. Wanda kawai yake son ya san abin da ake ciki, a aika masa da rahoto daga baya.

Masu gudanarwa su zama biyu. Ɗaya ya ja ragamar magana da lokaci, ɗayan kuma ya kula da fasaha: ya shigar da wanda layinsa ya yanke, ya raba mutane zuwa ƙananan rukunoni a cikin manhajar kira, ya kwafi abin da aka turo ta WhatsApp ya manna a kan allon intanet da kowa yake gani yana rubutu a kai. Mutum ɗaya ba zai iya sauraron mai magana da zuciya ɗaya ba alhali yana neman dalilin da ya sa wata ba ta jin sauti.

Mataki na uku: a kawo muryar kwastoma cikin taron

Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Idan aka shiga taro ba tare da maganar kwastoma ta gaskiya ba, abin da za a yi ta tattaunawa a kai shi ne zaton ma'aikata, kuma a ƙarshe zaton mai babban muƙami ne zai yi rinjaye.

A fara da abin da ke hannu. A ɗebo ƙorafe-ƙorafen wata ɗaya ko biyu daga saƙonnin WhatsApp, rajistar kiran waya, da sharhin da mutane suka bari a shagon sauke manhaja da shafukan sada zumunta, a ware waɗanda suka shafi tambayar da aka tsayar, a kwafe su da kalmomin masu su ba tare da an gyara musu harshe ba. Akwai bambanci mai girma tsakanin rahoton da ya ce "kwastomomi suna nuna damuwa game da jinkirin mayar da kuɗi" da saƙon mutumin da ya rubuta cewa mai shago ya riƙe shi a bakin kanti minti arba'in, jama'a suna kallonsa kamar ɗan damfara. Na farkon ba zai motsa kowa ba, na biyun kuwa zai sa injiniya ya ajiye abin da yake yi.

Bayan haka kowane mahalarci, har da shugaba, ya yi hira da kwastoma ɗaya ta waya na tsawon minti ashirin. A ba su tambayoyi huɗu ko biyar a rubuce, duk game da abin da ya riga ya faru: yaushe abin ya same ka, ina kake a lokacin, me ka fara yi, wa ka kira, me aka ce maka, yaushe hankalinka ya kwanta. Kada a tambayi mutum ko zai so a ƙara wani sabon maɓalli a manhaja, domin kunya da kara za su sa ya ce zai so. Waɗanda ba su saba da irin wannan hira ba sukan yi saurin kare kamfani, su fara bayanin cewa laifin banki ne. A gargaɗe su tun da wuri cewa aikinsu saurare ne kawai. Idan dattijo ya ce, "Yaro, ni ba kuɗin ne suka dame ni ba, shirun da kuka yi mini ne," amsar da ta dace ita ce, "Baba, ƙara yi mini bayani, me ka so a ce maka a lokacin?"

Za a ji wasu suna kafa hujja da maganar da Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, ya yi a shekarar 2000, cewa gwaji da mutum biyar yana fito da mafi yawan matsalolin amfani da manhaja. Maganarsa a kan gwajin fuskar manhaja take, ba a kan fahimtar rayuwar kwastomomi iri-iri ba, saboda haka a tabbatar cewa waɗanda za a yi hira da su sun bambanta: ɗan kasuwa mai karɓar kuɗi sau da yawa a yini, matar aure mai sana'a a cikin gida, ɗalibi, da wanda ba ya karanta Turanci kuma sai an duba masa saƙon da ya shigo wayarsa.

Akwai batun amana a nan wanda bai kamata a yi wasa da shi ba. A nemi izinin mutum kafin a ɗauki muryarsa, a faɗa masa abin da za a yi da ita. Kafin a ɗora kowane saƙo ko hoton fuskar waya a kan allon da mutum takwas za su gani, a goge suna da lambar waya da lambar asusu da BVN, wato lambar tantance mai asusun banki. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta shekarar 2023 ta ɗora wa kamfanoni alhakin irin waɗannan bayanai, kuma allon intanet wuri ne da ake iya tura adireshinsa ga wanda bai kamata ba cikin kuskure.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne kowa ya bi hanyar da kansa. Ya buɗe manhajar kamar baƙo, ya nemi inda ake shigar da ƙorafi, ya kira lambar da aka ba kwastomomi, ya ƙirga mintunan da ya yi yana jira, ya ɗauki hoton kowane shafi. Gani ya kori ji, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar cewa wasu manyan ma'aikata ba su taɓa kiran lambar kamfaninsu ba.

Mataki na huɗu: a binciki kayan aikin kowa kafin a zaɓi manhaja

Makonni biyu kafin taro a aika wa kowa tambayoyi a keɓe, ba a cikin zauren WhatsApp na ma'aikata ba, domin ba kowa ne zai yarda ya faɗa a gaban jama'a cewa ba shi da kwamfuta ba. Da me za ka shiga, kwamfuta ko waya? Wane layi ne yake da ƙarfi a unguwarku? Wane lokaci aka fi ɗauke wuta? Akwai wurin da za ka zauna awa biyu babu hayaniya? Amsoshin nan su ne za su zaɓi manhaja, ba sha'awar mai gudanarwa ba.

Allunan intanet da aka fi amfani da su a wannan aiki su ne Miro da Mural da FigJam na kamfanin Figma. Dukkansu suna ba mutane da yawa damar manna rubutu da jefa ƙuri'a a lokaci guda. Tsarin kyauta na Miro yana ba da alluna uku da za a iya yin aiki a kansu, wanda ya wadatar ga taro ɗaya. Wanda ya saba da allon Jamboard ya sani cewa Google ya rufe shi a ƙarshen shekarar 2024. Sai dai waɗannan alluna suna da nauyi, kuma jan ƙananan takardu da yatsa a fuskar waya aiki ne mai gajiyarwa. Idan mutum biyu ko uku daga cikin takwas da waya za su shiga, na fi son a yi amfani da Google Slides, a ba kowa shafinsa, ko kuma a koma ga hanya mafi sauƙi: kowa ya rubuta a takarda da alƙalami mai kauri, ya ɗauki hoto ya tura ta WhatsApp, mai kula da fasaha ya ɗora a kan allo. Wannan hanya ba ta da ƙyalli, amma ba ta barin kowa a baya.

Wajen kiran bidiyo, a tuna cewa Zoom na kyauta yana yanke taro bayan minti 40, Google Meet na kyauta kuma yana tsayar da taron mutum uku zuwa sama bayan awa ɗaya. Ko dai kamfani ya biya kuɗin wata guda, ko a tsara hutu daidai lokacin yankewar. Bidiyo yana cin data ninki da yawa fiye da murya, don haka a amince tun farko cewa za a kunna kyamara a minti goma na gaisuwa da kuma lokacin yanke hukunci, sauran lokaci murya da allo sun isa. Kamfani ya tura wa kowa kuɗin data kwana biyu kafin taro, da kuɗin man janareto ga wanda yake buƙata. Bai dace a ce ƙaramin ma'aikaci ya sayi data daga albashinsa don ya gyara wa kamfani hidima ba.

Mataki na biyar: lokaci

Kada a ɗauko taron yini guda na cikin ɗaki a zuba shi a intanet. A raba shi zama uku na awa biyu ko biyu da rabi, a kwanaki daban-daban, tare da hutun minti goma bayan kowace awa. Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya yi bayani a shekarar 2021 kan dalilan gajiyar taron bidiyo, inda ya ambaci yawan kallon fuskoki a kusa, ganin kai a fuskar kwamfuta ba ƙaƙƙautawa, rashin motsi, da ƙarin wahalar da ƙwaƙwalwa take sha wajen fahimtar alamun jiki. Tazarar kwana tsakanin zama da zama tana da wani amfanin kuma, domin mutane sukan dawo da tunanin da ya fi na jiya nuna.

Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya ne. Gana tana bayansu da awa ɗaya, Sudan tana gaba da awa ɗaya, Saudiyya kuma da awa biyu. Ingila takan yi daidai da Najeriya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sannan ta koma baya da awa ɗaya a sauran watanni, kuma wannan sauyi ya sha sa mutane shiga taro a makare. A rubuta lokacin kowane gari a cikin takardar gayyata. Ƙarfe goma na safe zuwa sha biyu da rabi agogon Najeriya yakan yi wa mafi yawa daidai, domin an gama kafin Azahar. A kauce wa ranar Juma'a, a kauce wa ƙarshen wata idan akwai ma'aikacin sashen kuɗi, idan kuma a watan azumi ne to safiya ce kawai mafita. Masu amsa ƙorafi a nema musu wanda zai riƙe musu layi, in ba haka ba za su yi taron da kunne ɗaya.

Mataki na shida: gina allo

Mako guda kafin taro allon ya kasance a shirye, a jere daga hagu zuwa dama bisa tsarin ayyukan, kowane fili da lambarsa da umarninsa a jimla ɗaya ko biyu, yadda wanda layinsa ya yanke ya dawo zai gane inda ake da zarar an ce masa "muna fili na uku".

Zuciyar allon ita ce taswirar tafiyar kwastoma. A saman taswirar a jera matakan da yake bi: ya tura kuɗi, alat ya shigo cewa an cire, mai karɓa ya ce bai gani ba, ya nemi taimako, ya jira, kuɗi sun dawo ko sun isa. A ƙarƙashin kowane mataki a bar layuka huɗu: abin da yake yi, abin da yake faɗa, yadda yake ji, da abin da ke faruwa a cikin kamfani a daidai wannan lokacin wanda shi ba ya gani. Wannan layi na huɗu ya samo asali ne daga tsarin zanen hidima da G. Lynn Shostack ta bayyana a mujallar Harvard Business Review a shekarar 1984, kuma a nan ne ake yawan gano bakin zaren. Sau da yawa za a ga cewa a lokacin da kwastoma yake zaton an yi watsi da shi, sashen kuɗi yana kan aikinsa, kawai dai babu wanda aka ɗora wa alhakin sanar da shi.

Mai shiri ya cike layin abin da kwastoma yake faɗa da maganganun da aka tattaro, amma ya bar sauran fili a buɗe. Idan aka tarar da taswira a cike, mutane za su gyaɗa kai kawai. A kulle duk layuka da kanun da ba a so a motsa, domin babu makawa sai wani ya ja taswirar gaba ɗaya bisa kuskure. A ajiye wa kowa tarin takardunsa a gefe, a kuma keɓe wani lungu na ajiye batutuwan da suka taso amma ba su shafi tambayar yau ba.

Mataki na bakwai: zaman gwaji

Na taɓa halartar wani taro da aka ware wa awa biyu, inda minti arba'in na farko suka tafi a kan neman kalmar sirri da tambayar "kuna ji na?" Wata ma'aikaciya da ta shiga da waya ta yi ta ƙoƙarin rubutu a kan allo, duk lokacin da ta taɓa takarda sai shafin ya zuƙe ya koma ƙanƙani. Bayan ƙoƙari na uku ta yi shiru, ba ta ƙara cewa komai ba har aka tashi. Daga baya aka gane cewa ita ce take da littafin da ta rubuta ƙorafe-ƙorafen wata uku da hannunta.

Saboda haka kwana uku kafin taro a yi zaman gwaji na minti talatin, kowa da na'urar da zai yi amfani da ita, a wurin da zai zauna, kuma a daidai sa'ar da za a yi taron, domin ƙarfin sabis na safe daban yake da na yamma. Kowa ya yi abu huɗu: ya shiga allo, ya rubuta takarda ɗaya, ya matsar da ita, ya jefa ƙuri'a. A yi amfani da tambaya mai sauƙi, kamar wane shago ne ka fi jin daɗin sayayya a cikinsa kuma me ya sa. Tambayar tana koyar da amfani da allo, tana kuma karkata tunani zuwa ga batun taron. Wanda ya sha wahala a kira shi shi kaɗai bayan zaman a warware masa, ko a sauya masa hanya zuwa takarda da hoto.

Mataki na takwas: ƙa'idojin magana

A wurarenmu ƙaramin ma'aikaci ba ya saurin musanta maganar na gaba da shi, kuma wannan tarbiyya ce da ba za a kawar da ita da cewa "kowa ya saki jiki" ba. Abin da ke aiki shi ne a tsara taron yadda ba sai mutum ya yi gaba da gaba da shugabansa ba kafin ra'ayinsa ya fito. Kowane aiki ya fara da rubutu a shiru na minti biyar zuwa bakwai, kowa shi kaɗai, kafin a buɗe baki. Takardun su kasance launi ɗaya babu suna. Ƙuri'a ta zama a ɓoye har sai an gama jefawa. Wajen zana mafita ana iya amfani da dabarar nan ta naɗe takarda gida takwas a zana dabaru takwas cikin minti takwas, wadda saurinta yake hana mutum tsayawa jin kunyar zanensa.

Sai kuma a je wa shugaba tun kafin taro, cikin ladabi, a roƙe shi ya zama na ƙarshe wajen magana. Ana iya cewa, "Ranka ya daɗe, idan ka fara faɗin ra'ayinka babu wanda zai faɗi wani abu daban, mu kuma abin da muke nema shi ne abin da ba ya isowa teburinka. Hukunci na ƙarshe naka ne, amma muna so ka ji su tukuna." Shugabanni da yawa sukan karɓi wannan hannu bibbiyu idan aka faɗa musu a keɓe. A kuma nemi ya faɗa da bakinsa a farkon taro cewa ba a zo neman mai laifi ba, domin taswirar tafiyar kwastoma tana tona asirin sassa, kuma wanda yake tsoron a kama shi da laifi zai ɓoye ainihin abin da ake nema.

Batun harshe ma a yanke shi tun da wuri. Idan tawagar ta haɗa masu Hausa da waɗanda ba sa ji, a yarda kowa ya rubuta da harshen da tunaninsa ya fi gudu a ciki, mai kula da fasaha ko wani da aka zaɓa ya sa fassara a ƙasa. Maganar kwastoma kuwa a bar ta da harshen da ya yi ta, a ƙara fassara a gefe.

Mataki na tara: takardar gayyata da jajibirin taro

Takardar gayyata kada ta wuce shafi ɗaya. Ta ƙunshi tambayar da za a amsa, ranaku da lokutan kowane gari, adireshin shiga kira da na allo, aikin gida tare da ranar miƙa shi, abin da kowa zai tanada, wato farar takarda guda biyar da alƙalami mai kauri da abin sauraro na kunne, da lambar mai kula da fasaha. Aikin gidan kada ya wuce awa ɗaya gaba ɗayansa, in ba haka ba rabin mutane ba za su yi ba. Gajeren saƙon murya na minti biyu daga mai jan ragama yakan isa inda doguwar takarda ba ta isa ba.

A jajibirin taro masu gudanarwa biyu su bi jadawalin minti bayan minti, su rage kashi ɗaya cikin biyar na abin da suka tsara, domin komai ya fi ɗaukar lokaci a intanet. Su kuma rubuta abin da za a yi idan abubuwa suka lalace, su tura wa kowa: idan layinka ya yanke, ka ci gaba da aikin a takarda ka turo hoto, idan na mai jan ragama ne ya yanke, na biyu zai karɓa nan take, idan manhajar kiran ta ƙi gaba ɗaya, za a koma kiran murya na WhatsApp. A sauke kwafin allon a matsayin hotuna a ajiye a zauren WhatsApp, kowa ya yi cajin wayarsa da kwamfutarsa da ma'ajiyar caji tun da dare, wanda yake da layi biyu ya sa data a dukkansu.

Da safe a buɗe ɗakin taro minti goma sha biyar kafin lokaci, a bar mutane su gaisa su tambayi iyali da gajiya yadda aka saba, domin wanda ya riga ya yi magana sau ɗaya ya fi sauƙin sake yin ta. Idan lokaci ya cika, mai jan ragama ya karanta tambayar taron da ƙarfi, ya kunna muryar kwastoma ɗaya ta minti ɗaya daga cikin waɗanda suka ba da izini, sannan ya ce kowa ya je fili na ɗaya ya ɗauki takardarsa.